Tsohon Tafinta a Oko-Oba

Sha ɗayan dare a Oko-Oba.
Ruwan Legas na dukan kwano kamar mai bin bashi,
janareton Baba Rofiyat ya yi tari sau biyu, ya daure.
Ni da kwamfutar sikeli muna kallon-kallo.

Ta girmi ɗan farina.
Ita ke auna tirelolin shanu tun ban zo garin nan ba,
kuma Alhaji Haladu ya rantse ba mai taɓa ta,
don sikelin ba ya jin maganar kowa sai tata.
Na kawo mata sabon laburare
don rasit ya riƙa fita da kansa,
na ce wa tsohon kwamfaila: bismilla, fassara.

Ya zubo mini ja.
Kuskure ɗari uku da goma sha huɗu,
sun jeru kamar danfo a Oshodi,
kowa na hon, ba mai motsi.

Na san irin wannan cunkoso.
Ba a tambayar motar ƙarshe me ya faru.
Na yi ta hawa har na iske ta farko,
wadda ta mace a tsakiyar titi:
layi na tamanin da bakwai.
Yaran da suka rubuta shi
suna raɗa wa abu suna ne ana cikin tafiya.
Shi kuwa tsoho, a zamaninsa,
sai an kira sunan kowa a bakin ƙofa
kafin a shiga ɗaki.

Na kira masa su ɗaya bayan ɗaya.
Ɗari uku suka watse.

Sauran sha huɗun masu taurin kai ne.
Tara daga ciki, ashe ya san yarensu,
bai dai ga dama ba sai an roƙe shi da sunan shekarar.
Na ɗaga masa tuta guda, ya ce, af, haka kake nufi?
Biyar kuwa wani aiki suke nema
da ba a haife shi ba lokacin da aka yaye tsohon.
Na zauna na ƙera shi da hannu, layi goma sha biyu,
mummuna, amma yana tsayawa da ƙafarsa.

Kashi saba'in da ɗaya cikin ɗari,
janareto ya ce ga garinku nan.

Duhu. Warin kashin shanu da dizal.
Sauro ya karɓi aikin dare.
Na ci ragowar burodin Agege da hasken waya,
ina jin Baba Rofiyat yana zagin fulogi da Yarbanci.

Da wuta ta dawo na share duk abin da aka gina,
don tuwon da ya kwana rabin dahuwa ba ya gyaruwa.
Daga farko.
Fassara ta wuce lafiya, sai wajen ɗinki:
wai ga riga, ga hannu, bai ga zare ba.
Zaren da ke gabansa!
Na kira Obiora na Ikeja, ƙarfe uku, ya ɗauka da muryar barci:
"Malam Barau, wa ka sa a gaba?
Mai nema ke fara shiga, mai bayarwa ya biyo baya."
Na sauya wa kalma biyu wuri.

Shiru.
Allo bai ce komai ba,
kuma a sana'armu shirun nan shi ne guɗa.

Da asuba tirelar Potiskum ta hau sikeli,
firinta ta yi kukan kurciya, ta tofo takarda.
Direba ya karɓa bai ko duba ni ba.

Kafin in rufe, na bar wasiƙa a saman fayil
ga wanda zai gaje ni a kujerar nan:
tsohon ba kurma ba ne.
Ka fara da kukansa na farko,
ka zo da man janareto na kanka.